Asibitin da Tsawa Ke Cinye wa Wayoyi Duk Damina: Nazarin Lamari

Wurin, da yadda aka haɗa wayoyinsa

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a bayan garin Jos, a kan wani tudu mai duwatsu. Gine-gine uku ne cikin shinge ɗaya. Akwai babban gini, inda ake yankar kati, da ɗakin magani da ɗakin gwaji. Akwai ɓangaren kwanciya da ɗakin haihuwa, kimanin mita 60 daga babban ginin. Sai gidan likita a can ƙurya, kusan mita 100.

Saboda ma'aikaciyar jinya ta iya kiran likita da tsakar dare ba tare da ta bar mara lafiya ba, mai asibitin ya sa aka kafa akwatin intakom mai layuka 24 a wani ɗaki kusa da wurin yankar kati. Layuka 12 suna cikin babban ginin, 8 sun tafi ɓangaren kwanciya, 2 gidan likita, sauran biyun ba a yi amfani da su ba. Kebul ɗin da ke kai layukan sauran gine-ginen na jan ƙarfe ne, an rataye shi a sama a jikin wata igiyar ƙarfe, igiyar kuma an ɗaure ta a hasumiyar tankin ruwa. Kiran waje yana shigowa ta wata na'ura mai ɗaukar layin salula, wadda eriyarta ke kan dogon bututun ƙarfe a gefen rufi. Tsohuwar wayar NITEL tana nan rataye daga turken bakin titi zuwa bangon ginin. Layin ya mutu shekaru da dama, amma ba wanda ya cire wayar, kuma bakinta yana cikin akwatin da sababbin layukan suka ratsa.

Wuta tana zuwa ta hanya uku: ta kamfanin rarraba wuta, ta janareta, da ta inbata. Babban gini da ɓangaren kwanciya mitarsu ɗaya. Gidan likita yana da tasa mitar, kuma daga wani taransifoma daban yake shan wuta. Kowane gini yana da sandar ƙasa tasa, wato sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa don wutar da ta kauce hanya ta zube ta nan, wadda mai wayarin ɗin da ya yi aikin ginin ya kafa a lokacinsa. Janareta ma yana da tasa.

Damina ta farko: Mayu zuwa Yuli

An kafa akwatin a cikin rani, ya yi wata huɗu yana aiki lafiya, in ban da wani gurnani da ake ji a wayoyin ɓangaren kwanciya, wanda kowa ya saba da shi. A tsakiyar watan Mayu aka yi hadari mai tsawa da daddare. Da gari ya waye, layuka huɗu sun mutu: uku na ɓangaren kwanciya, ɗaya na gidan likita. Ba alamar aradu ta faɗo a cikin shingen. Ba abin da ya ƙone a fili, kwan fitila ko ɗaya bai fashe ba.

Wanda ya sayar da akwatin ya zo ya duba, ya ce wutar kamfani ce ta yi sama ta buge shi. Aka canza katin layukan, wato allon cikin akwatin da layukan ke shiga, aka sayi sitabilaiza, aka kuma sayi soket mai kariya irin wanda ake jona wa kwamfuta.

A watan Yuli abin ya sake faruwa. Wannan karon layuka biyar ne, kuma a daren babu ma wutar kamfani, akwatin a kan inbata yake. Shugabar ma'aikatan jinya ce ta fara lura da wani abu, ta rubuta shi a littafin rahoton dare: duk layin da ya mutu a karo biyun nan, na waje ne. Layuka 12 na cikin babban ginin ko ɗaya bai taɓa samun matsala ba. A lokacin ba wanda ya bi ta kan wannan rubutu.

Gwaji na biyu: sabuwar sanda, watan Agusta

Aka kira wani mai gyaran wuta da aka yarda da aikinsa a unguwar. Ya ce wa mai asibitin: "Ranka ya daɗe, wannan na'ura tana bukatar tata sandar ita kaɗai. Kada a gama ta da ta gini, wadda ta riga ta cika da dattin wuta."

Ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya nemi wuri mai laushi a bayan ginin, kusa da magudanar ruwa, ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya jiƙa. Daga sandar ya jawo waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 zuwa jikin akwatin. Tsawonta mita 14, kuma ragowar da ta yi saura ya naɗe ta zobe-zobe ya ɗaure a bayan kabad, don kada a yi asarar waya. Ya cire wayar ƙasa ta soket daga jikin akwatin. Da aka auna sabuwar sandar, ta ba da om 12 (om ma'aunin yadda ƙasa ke tare wuta ne, ƙarancinsa ake so), wanda a irin wannan ƙasa mai dutse adadi ne mai kyau.

A watan Satumba aka yi hadarin da ya fi na baya ɓarna. Ban da katin layuka, sashen da ke ba akwatin wuta ya ƙone, kwamfutar da aka jona masa don lissafin kira ita ma ta tafi. A jikin allon akwatin an ga baƙin tabo tsakanin ɓangaren layukan waya da ɓangaren wuta, inda tartsatsi ya tsallaka. Asibitin ya yi mako uku babu intakom. Ma'aikatan dare suka koma kiran likita da wayoyinsu na hannu, ranar da sabis ya ƙi kuwa sai a tashi mai gadi ya ruga gidan.

Gwaji na uku: na'urorin kariya, daga Oktoba zuwa Afrilu

Da aka sayi sabon akwati, an haɗo da na'urorin kariya na layin waya guda goma, irin masu ɗan bututun gas a ciki. Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Layin waya yana ɗauke da wuta kaɗan, bolt 48 ko ƙasa da haka, idan ana ƙararrawa kuma takan kai wajen bolt 90. Bututun ba ya taɓa wannan. Amma idan wutar da ke kan layin ta haura iyakarsa, wadda a irin waɗannan bolt 230 ce, sai gas ɗin ya kama, ya buɗe wa wutar hanya ta zube ta wayar ƙasa.

An jera su a bango kusa da akwatin, an jona wayarsu ta ƙasa ga waccan waya mai mita 14. A ɓangaren kwanciya da gidan likita ba a sa komai ba. Aka kuma kafa doka: da zarar hadari ya haɗo, a zare fulogin akwatin.

Rani ya wuce lafiya. Ruwan farko mai ƙarfi na watan Afrilu ya zo da ƙarfe biyu na dare, kafin a kai ga zare fulogi layuka uku sun mutu, da kan waya biyu a ɓangaren kwanciya. Biyu daga na'urorin kariyar sun yi baƙi, alamar sun kama. Wata ma'aikaciya da ke riƙe da kan waya a lokacin ta ce ta ji wani abu ya fizge ta har gwiwar hannu. Wannan ne ya sa mai asibitin ya dakatar da sayen kaya, ya nemi injiniyan da ya yi aikin hasumiyoyin sadarwa ya zo ya auna komai.

Bincike: watan Mayu na shekara ta biyu

Injiniyan bai fara da akwatin ba. Ya fara da zagaye shingen, yana bin kowace waya da ido daga inda ta fito zuwa inda ta shiga, yana zanawa a takarda. Sannan ya nemi littafin rahoton dare, ya karanta abin da shugabar ma'aikatan jinya ta rubuta. "Sista," in ji shi, "ai kin riga kin yi mana rabin aikin."

Ya auna kowace sanda ita kaɗai, bayan ya kwance wayarta, da na'urar awo mai turaku biyu da ake kafawa nesa a layi ɗaya. Sandar babban gini ta ba da om 31. Ta akwatin intakom om 15, ta ɗan hau daga 12 na bara. Ta ɓangaren kwanciya om 58. Ta janareta om 44. A gidan likita sandar tana nan, amma da aka tone bakinta sai aka tarar wayar ta rabu da ita: maƙalar ƙarfe ce aka yi amfani da ita, gishiri ya cinye ta, ta zama jan gari a hannu. Bututun eriya da hasumiyar tanki ba a haɗa su da komai ba.

Awo na biyu shi ne na ko sandunan nan suna haɗe da juna ta waya. Ba ko biyu da ke haɗe. Abin da kawai ya gama gine-ginen uku ta ƙarfe shi ne kebul ɗin intakom, mai siraran wayoyi masu kaurin rabin milimita, sai wayoyin wuta da suka tafi ɓangaren kwanciya, waɗanda aka ja su guda biyu kacal babu ta ƙasa.

Awo na uku ya fito da abin da ba a zo nema ba. Tsakanin wayar ƙasa ta soket ɗin ɓangaren kwanciya da jikin akwatin intakom akwai bambancin bolt 38, a rana tsaka, babu hadari. Aka bi na'urori ana kashewa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan tukunyar dafa kayan aiki ta ɗakin haihuwa. Ƙarfen zafinta ya tsage yana yoyon wuta zuwa jikinta. Yoyon bai kai ya ƙona fis ba, kuma ginin ba shi da makunnin da ke yanke wuta idan ta yi yoyo. Da aka kashe tukunyar, bambancin ya sauka ƙasa da bolt 2, gurnanin da aka shekara ana ji a wayoyin ɓangaren ya ragu har sai an kasa kunne.

Injiniyan ya zaunar da mai asibitin da mai gyaran wutar, ya yi musu lissafi a bayan takardar magani. Aradu ba sai ta faɗo kan gini take ɓarna ba. Idan ta sauka a kan wani dutse ko bishiya a kusa, wutarta, wadda matsakaiciyarta takan kai amfiya 30,000, tana bazuwa cikin ƙasa, sai ƙasar da ke kusa da wurin ta ɗauki ƙarfin wuta fiye da ta nesa. Na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sandar wannan gini da ta wancan za su iya bambanta da dubban bolt. Dogon kebul da ke rataye a sama shi ma yana ɗaukar nasa kason daga walƙiyar kanta. Amfiya 1,000 kacal idan ta bi ta sanda mai om 15, sandar za ta tashi zuwa bolt 15,000. Jikin akwatin yana kan wannan sanda, wayar wutarsa kuma tana kan wani ma'auni daban, wato wani matakin ƙarfin wuta. Gwajin matakin farko da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta tsara wa na'urorin gidan mai amfani da waya bolt 1,500 ne a bakin layi, wato abin da ake bukatar na'ura ta jure ke nan.

Sai ya nuna wayar nan mai mita 14. Wutar aradu tana hawa da saurin da waya kanta ke zame mata shinge. Kowace mita ɗaya ta miƙaƙƙiyar waya tana tara kusan bolt 1,000 idan wutar na ƙaruwa da amfiya 1,000 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Mita 14 ke nan bolt 14,000, kafin a lissafa zoben da aka naɗe a bayan kabad, wanda ke ƙara abin.

Gyaran: Yuni zuwa Yuli

An fara da abin da ya shafi rai. Aka canza ƙarfen tukunyar, aka sa makunnin yoyo mai yankewa a miliamfiya 30 a ɓangaren kwanciya da babban gini.

Sannan aka kafa farantin jan ƙarfe mai ramuka a bango, dab da babban allon wuta na babban ginin. Duk wani abin da ke da alaƙa da ƙasa aka kawo shi kan wannan faranti da waya mai kaurin murabba'in milimita 16: sandar ginin, sandar janareta, jikin inbata, bututun eriya, bututun ruwa na ƙarfe. Sandar da mai gyaran wutar ya kafa ba a tone ta ba. An canza mata maƙala zuwa ta jan ƙarfe, aka haɗa ta da farantin, ta zama ɗaya daga cikin sandunan ginin. An mayar wa akwatin wayarsa ta ƙasa ta soket.

Aiki mafi wahala shi ne matsar da akwatin. Ɗakin da yake yana ƙarshen ginin, allon wuta yana ɗaya ƙarshen. Mai asibitin ya so a bar shi a ja doguwar waya mai kauri. Injiniyan ya ce kauri ba ya maganin tsawo a wannan lamari, ya dage. Aka fasa bango, aka dawo da akwatin da mashigar kebul kusa da allon wuta, har wayar da ta tashi daga na'urorin kariya zuwa farantin ta zama santimita 40, miƙe, babu lanƙwasa. A allon wutar ma aka sa na'urar kariya ta wuta, ita ma da gajeruwar waya zuwa farantin nan.

Kebul ɗin ɓangaren kwanciya an sauke shi daga hasumiyar tanki aka binne cikin bututun roba. Dutse bai bari ramin ya wuce rabin mita ba a wurare da yawa. A cikin ramin aka shimfiɗa tsirarar wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 25, ɗaya bakin a farantin babban gini, ɗayan a wani ƙaramin faranti da aka kafa a ɓangaren kwanciya, inda aka haɗa sandar ginin da ƙafar hasumiyar tanki. A nan ma aka sa na'urar kariya a kan kowane layi, a daidai inda kebul ya shiga ginin. Wuraren da wayar ta fito fili an rufe su da siminti, saboda jan ƙarfe a fili ba ya kwana.

Gidan likita ba a yi masa haka ba. Da yake taransifomansa daban ne, injiniyan bai yarda a gama ƙasarsa da ta asibitin ba, domin matsalar wuta a can za ta iya biyo wayar ta shigo nan. Aka cire kebul ɗin jan ƙarfe gaba ɗaya, aka ja wayar faiba marar ƙarfe a jiki, da 'yar na'ura a kowane baki mai mayar da murya haske. Faiba ta gilashi ce, gilashi kuwa ba ya ɗaukar wuta. An gyara wa gidan sandarsa don amfanin kansa.

Tsohuwar wayar NITEL an yanke ta daga turke, an naɗe, an fitar.

Da aka gama, an auna dukan tsarin a haɗe: om 7 a watan Yuli. Tsakanin farantin babban gini da na ɓangaren kwanciya awon bai kai kashi ɗaya bisa goma na om ba. Kuɗin aikin duka, har da faiba, bai kai abin da aka kashe wajen sayen katuna da sabon akwati a watanni goma sha biyun da suka wuce ba.

Abin da ya biyo baya

Daga Agusta zuwa ƙarshen damina ta biyu ba layin da ya mutu, kuma an daina zare fulogi. A watan Oktoba da aka duba, an sami na'urorin kariya biyu da suka gaji, aka canza su. A watan Maris, ƙasa ta bushe ƙarau, awon tsarin ya hau zuwa om 13.

A damina ta uku an yi asara sau ɗaya, a watan Yuni: layi ɗaya da kan waya ɗaya. Da aka bi sawu, sai aka ga an buɗe sabon ɗakin mai gadi a bakin ƙofa, wani ya jawo masa layi kai tsaye daga akwatin ta taga, a kan katanga, bai bi ta na'urar kariya ba. Aka sake jan layin ta mashigar da sauran suka bi. Sauran damina ta wuce ba labari.

Me ya ci, me ya ƙi, kuma don me

Sitabilaiza da soket mai kariya ba su yi laifi ba, ƙofar da suke gadi ce ba ta nan ɓarnar ke shigowa ba. Littafin rahoton dare ya nuna haka tun watan Yuli na farko, kuma a ganina wannan ne babban abin takaici a lamarin: shaidar tana rubuce, hannun wadda ba a ɗauka aikinta ba ne ya rubuta ta.

Sandar da aka keɓe wa akwatin gyaran gangar Auzinawa ce, duk da an yi ta da kyakkyawar niyya kuma awonta ya fi na kowace sanda a shingen. Kafin a kafa ta, akwatin yana tsakanin ma'auni biyu. Bayan an kafa ta ya koma tsakanin uku, kuma ba abin da ya gama su sai allonsa. Tsuntsu yana sauka kan wayar wuta ya tashi lafiya saboda ƙafafunsa biyu a kan ƙarfi ɗaya suke. Haka ake so na'ura ta kasance: idan ƙasa ta tashi da bolt 10,000, jikinta da wayar wutarta da layukanta su tashi tare, su sauka tare. Ra'ayin cewa na'urar sadarwa tana son "tsabtatacciyar ƙasa" tata ita kaɗai ya yaɗu sosai tsakanin masu aikin wuta, kuma ina ganin ya ƙone na'urori da yawa a ƙasar nan.

Ƙa'idojin da aka rubuta sun daɗe da rufe wannan magana. Dokar wayarin ta Amurka ta yarda a kafa wa layin waya sanda daban idan ta wuta ta yi nisa, amma ta wajabta a haɗa sandunan biyu da wayar jan ƙarfe mai lamba 6, wato kaurin murabba'in milimita 13 da 'yan kai. Ta kuma iyakance wayar ƙasa ta na'urar kariya a gidajen zama zuwa ƙafa 20, kusan mita 6, kuma tun bugun 2008 ta bukaci a tanadi wurin haɗi ɗaya kusa da mashigar wuta domin waya da talabijin da makamantansu. Shawarar ITU mai lamba K.66, wadda ta shafi kare gidan mai amfani da waya, a kan wannan turba take: wuta da waya su shigo ta wuri ɗaya, su haɗu a faranti ɗaya, da gajerun wayoyi.

Na'urorin kariya na gwaji na uku masu kyau ne, sun kuma kama kamar yadda aka ƙera su. Wurin da aka ce su zubar da wutar ne ya yi nisa da mita 14, ga shi an bar ɗaya bakin kebul ɗin a buɗe, inda mutum ke riƙe da kan waya. Om 7 da aka samu a ƙarshe abin so ne, ya ma fi om 10 da ƙa'idar kare gini daga aradu ta IEC 62305 ke ba da shawara. Amma ba shi ne ya tsayar da ɓarnar ba, domin a farkon damina ta uku, lokacin da ƙasa ba ta gama jiƙa ba kuma awon yana sama da 10, an yi hadari masu tsawa kuma layukan da suka bi ta faranti ba su ji komai ba.

Akwai abin da har yanzu bai cika ba. Hasumiyar tanki ita ce mafi tsawo a shingen, kuma ba a kafa wa gine-ginen cikakken tsarin kama aradu ba. Abin da aka yi yana kare su daga tsawar da ta sauka a kusa. Idan ta sauka kan rufin kanta, kebul ɗin jan ƙarfe na ɓangaren kwanciya zai iya tafiya duk da kariyarsa. Injiniyan ya ba da shawarar a mayar da shi faiba kamar na gidan likita, mai asibitin ya sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa. Kafin nan, mai gyaran wutar, wanda yanzu shi ke kula da tsarin, yana auna sandunan duk watan Maris, yana kwance kowace maƙala ya duba tsatsa, kuma ba a jan sabon layi a asibitin sai ya sa hannu a takarda.